Akun da ya koya mana karatu

'Yan uwa, duk wanda ya yi firamare a Mubi a zamaninmu zai tuna da Magana Jari Ce. Da yawanmu hoton aku muka fara riƙewa kafin mu iya haɗa baƙi da wasali.

Asalinsa littafin makaranta ne. A 1933 hukumar talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da boko, inda Abubakar Imam, malami a Midil ta Katsina, ya yi fice da Ruwan Bagaja. Ganin haka aka nemo shi Zariya a 1936 don ya rubuta abin da yara za su riƙa karantawa a aji. Cikin wata shida ya gama, aka buga shi littafi uku tsakanin 1937 da 1939. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, ya sa musu riga da rawani har ba mai cewa baƙi ne. Ga sarki, ga mugun waziri, ga aku yana jan ɗan sarki Musa da labari don kada ya fita ya faɗa tarko.

Dabarar sa hoto a littafin yara tsohuwa ce. Tun 1658 wani malami, Comenius, ya buga irinsa a Jamus. Amma a nan Mubi hoton ya yi aikin da ya wuce ado. Lokacin da littafin ya fito ma ba mu cikin Nijeriya. Ƙasar amana ce a hannun Ingila, sai bayan ƙuri'ar 1961 muka shigo. Yaron da ya tashi da Fulatanci ko Gude ko Fali a gida, in kalmar Hausa ta gagare shi, sai ya dubi zanen ya gane inda aka dosa. A ganinmu wannan na cikin abin da ya zaunar da Hausar boko a ajujuwanmu.

Bayan abin da ya sami garin nan a 2014, gidaje da yawa sun rasa tsofaffin littattafansu. Wanda ake samu yanzu a kasuwa, wani bugun hotonsa ya dushe, akun ya koma kamar ɗigon tawada. Mun gwada nuna wa yaranmu, ƙaraminsu ya ce kaza ce.