Man Zaitun a Tukunyar Italiya da Zancen Sankarar Mama



A wurinmu man zaitun ɗan kwalba ne. A kemis ɗin Islama muke sayensa, mu ajiye shi kusa da zuma da habbatus sauda, mu shafa ko mu sha cokali guda. Darajarsa ba sai an faɗa mana ba, tunda Allah Ya rantse da zaitun a Suratut Tin, Ya kuma kira itaciyarsa mai albarka a Suratun Nur. Amma akwai wata magana da ke yawo a wayoyi, har ta fara shiga bakin jaruman labaranmu: wai matan Italiya ba sa yin sankarar mama saboda da man zaitun suke girki. Kafin mu ci gaba da ɗora ta a takarda, mu bi sawunta mu ga inda ta samo asali.

A birnin Rum, kusa da kogin Taiba, akwai wani tudu da ake kira Monte Testaccio. Tsayinsa ya kai mita 35, kuma ba dutse ba ne, ba ƙasa ba ce. Tsingaron tuluna ne zalla, tulunan man zaitun kimanin miliyan 53, kowanne yana cin kusan lita 70. Da an juye man sai a fasa tulun, don yumɓun ya riga ya sha mai, in aka sake zuba wani zai yi ɗoyi. A jera fasassun a tsanake, a barbaɗa musu farar ƙasa don kashe wari. Haka aka yi ta yi har zuwa ƙarni na 3 bayan haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne yawancin wannan mai ba na Italiya ba ne. Daga kudancin Sifaniya aka yi ta jigilarsa, saura daga inda Tunisiya da Libiya suke a yau, kuma a jikin tulunan ana iya karanta nauyin man da sunan attajirin da ya aiko shi. Sarki Septimius Severus, haifaffen Leptis Magna a Libiya, wanda ya yi mulki daga 193 zuwa 211, har rabon mai kyauta ya sa aka riƙa yi wa talakawan birnin.

Rumawa ba ci kaɗai suke yi da shi ba. Shi ne man fitilarsu, shi ne sabulunsu, don a gidan wanka shafa shi suke yi su kankare da ƙarfe. Cato, wanda ya rubuta littafin noma wajen shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ƙayyade wa kowane bawan gona kimanin rabin lita a wata. Wato tun fil azal mai awo gare shi, kuma ba kowa ke samunsa yadda yake so ba.

A nan ne hoton da tallace-tallace ke nuna mana yake fara tsagewa. Ƙarnuka da yawa bayan faɗuwar daular Rum, ba da mai ɗaya ake girki a Italiya ba. Arewa, wajen Milan, man shanu ne. Wajen Bolonya da ƙauyuka masu yawa, har a kudu, kitsen alade ne, don ya fi araha. Man zaitun ya fi zama na kudu da Tuskani da gaɓar Liguriya, sai kuma ranakun azumin Kirista da coci ta hana kitsen dabba. A garin Gallipoli da ke yankin Puglia, matatsun mai a ƙarƙashin ƙasa suke, kuma mafi yawan abin da suke tatsa a ƙarni na 17 da na 18 man fitila ne da na masaƙar ulu, jirage na kwasa zuwa Ingila da wasu ƙasashen Turai. Tumatir ma baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya zo a ƙarni na 16, kuma bai zama abokin taliya sosai ba sai a ƙarni na 19. Abin da muke kira “girkin Italiya na tun kaka da kakanni” bai kai tsufan ganuwar Kano ba.

To yaya suke sarrafa shi a girkin yau da kullum? Ba a cokali suke sha ba. Uwargida a Napoli za ta zuba mai a kasko, ta jefa tafarnuwa da ɗan barkono, kafin tafarnuwar ta ƙone ta juye dafaffiyar taliya a kai, an gama abincin dare. A Puglia wake ake dafawa ya yi lugub, a haɗa da wani ganye mai ɗaci, a kwarara ɗanyen mai a sama. A Tuskani burodi ake gasawa, a goga masa tafarnuwa, a jiƙa shi da sabon man kaka. Ku lura da abokan tafiyarsa: wake, ganye, hatsi, ɗan kifi. Nama kuwa sai ranar Lahadi ko ranar biki, kuma ba don ilimin lafiya ba, don talauci.

Wannan abincin talaka ne wani Ba'amurke, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota, ya tarar a Napoli a farkon shekarun 1950. An gaya masa leburorin garin ba su cika yin bugun zuciya ba, ya je ya auna jininsu. Daga nan aka haifi Binciken Ƙasashe Bakwai a 1958, kuma daga littattafansa sunan “abincin Bahar Rum” ya bazu. Shi kansa ya yi gida a ƙauyen Pioppi, ya rasu a 2004 yana da shekara 100, abin da ya fi kowane talla tasiri. A 2010 UNESCO ta sa wannan tsarin abinci cikin kayan gadon ɗan'adam. Sai dai binciken na Keys kan zuciya ne, kuma mutum sama da dubu goma sha biyu da aka bi, duka maza ne. Babu mace ko ɗaya.

Zancen mama kuwa a Italiya ya girmi Keys nesa ba kusa ba, kuma ba daga tukunya ya fara ba. A farkon ƙarni na 18 likita Bernardino Ramazzini ya lura cewa ciwon ya fi yawa a cikin mata masu zaman zuhudu a coci, waɗanda ba sa aure. A 1842 wani likitan, Rigoni-Stern, ya binciki rajistar mamata ta garin Verona ya ga abu guda. Yau an san dalili: haihuwa da wuri da shayarwa suna rage haɗarin. Wannan ya shafi zancenmu kai tsaye. Gaskiya ne ciwon ya fi ƙaranci a kudancin Italiya, inda aka fi cin man zaitun. Amma matan kudu su ne kuma suka fi haihuwa da yawa a da. Idan abu biyu suka jeru a gida ɗaya, da wuya a nuna wanda ya yi aikin.

A shekarun 1990 aka yi bincike a Sifaniya da Girka da Italiya. Na Italiya, na Carlo La Vecchia da abokansa a 1995, ya tambayi mata fiye da dubu biyu da ɗari biyar masu ciwon da wasu kamarsu masu lafiya, aka ga masu yawan cin man sun ɗan fi tsira. Raunin irin wannan bincike shi ne ya dogara da tunawa, kuma mara lafiya ba ta tuna abincinta yadda mai lafiya ke tunawa. A 2012 babban binciken EPIC ya bi mata sama da dubu sittin a ƙasashen uku na tsawon shekaru, bai ga wata alaƙa tsakanin man da haɗarin ciwon ba. Wannan sakamako ba ya yawo a wayoyi.

Wanda ke yawo shi ne na PREDIMED, 2015, a Sifaniya. Mata sama da dubu huɗu, 'yan shekara 60 zuwa 80, aka kasa gida uku: wasu aka riƙa ba su tataccen man zaitun na matsar farko, lita guda a mako ga gida, wasu aka ba su 'ya'yan itatuwa dangin gyaɗa, sauran aka ce su rage maiƙo. Bayan kusan shekara biyar, haɗarin rukunin mai ya yi ƙasa da kashi 68 cikin ɗari idan aka gwada da masu rage maiƙo. Lamba ce mai daɗin rubutawa. Amma matan da ciwon ya kama a dukan rukunin uku 35 ne kacal, kuma masu binciken da kansu sun ce sai an ƙara tabbatarwa. A 2018 kuma aka janye babban rahoton PREDIMED kan zuciya aka sake buga shi, saboda an gano kurakurai a yadda aka rarraba wasu mahalarta.

A ganinmu iyakar abin da alƙalami zai iya faɗa shi ne: mai yiwuwa ne man zaitun, cikin abinci mai wake da ganye, ya taimaka wajen rage haɗari. Wannan rigakafi ake nufi, ga mace mai lafiya, kuma a ci ake magana. Babu ɗaya cikin waɗannan bincike da ya ce a shafa shi a kan ƙullutu ya narke. Idan muka sa Hajiya a labarinmu ta ce wa 'yarta “shafa zaitun, zai baje”, kuma a babi na gaba ya baje, akwai mai karatu da ke da ƙullutun gaske a ƙirjinta, wadda dama tsoron asibiti take yi, kuma mun ba ta hujjar ƙara wata shida a gida. Likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa sai ciwon ya ci jiki ake kawo musu mata.

Su Italiyawan fa? Sankarar mama ce kansar da ta fi kama matansu, sama da dubu hamsin kowace shekara. Man zaitun yana nan a kowane kicin, ana zuba shi a taliya da rana, a miya da dare. Kuma duk macen da ke tsakanin shekara 50 da 69, hukumar lafiyar yankinta kan aika mata takarda duk shekara biyu, da rana da lokaci a rubuce, ta je a ɗauki hoton mamanta kyauta.