Littattafan Yara Masu Binciken Sirri da Neman Taska

Wannan reshe ne na ƙagaggun labarai inda yara ko matasa ke bin sawun ɓarayi, su warware abin da ya gagari 'yan sanda, a ƙarshe su tono dukiyar da aka ɓoye. Masu tarihin adabi ba su dace a kan mafarinsa ba. Wasu suna komawa ga Treasure Island na Robert Louis Stevenson, 1883, domin akwai yaro da taswira da zinariya. Sai dai yaron nan faɗawa ya yi cikin rigima, ba bincike ya fita yi ba. Shekarar da ta fi tsayuwa da ƙafarta ita ce 1927, lokacin da kamfanin Edward Stratemeyer a Amurka ya fitar da The Tower Treasure, na farko a jerin Hardy Boys. Sunan Franklin W. Dixon da ke bango na aro ne, wani ɗan Kanada, Leslie McFarlane, shi ya rubuta shi a kan lada. Nancy Drew ta biyo baya a 1930, sannan Enid Blyton ta Ingila ta buɗe Famous Five a 1942, ta kai su littattafai 21.

A nan gida kuwa, a wannan shekara ta 1927 ne Kafanchan da ke Kudancin Kaduna ta zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar Fatakwal zuwa Kaduna ta yi reshe ta nufi Jos. Boko ya shiga Kudancin Kaduna ta makarantun mishan irin na Kwoi da Kagoro, saboda haka da Turanci yaran yankin suka fara haɗuwa da irin waɗannan labarai.

Wanda ya mayar da salon ɗan gida shi ne Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna a 1921, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Arewa. Littafinsa The Passport of Mallam Ilia ya fito a 1960, ko da yake tun 1948 ya rubuta shi, kuma a cikin jirgin ƙasa ake ba da labarin, abin da ɗan Kafanchan ba ya bukatar a yi masa bayani a kai. Amma labarin ramuwar gayya ne na manya. Wanda ya cika sharuɗɗan salon sosai shi ne Juju Rock na 1966: ɗan makaranta Bafulatani mai suna Rikku ya shiga ayarin Turawa masu farautar zinariya, ya gano ba su da gaskiya. A shekarar ce kuma Chinua Achebe ya fitar da Chike and the River, inda yaro ya tona asirin ɓarayi. Daga 1977 jerin Pacesetters na Macmillan ya cika akwatunan 'yan kwana a sakandare, ana karanta kwafi ɗaya hannu zuwa hannu har bango ya fita. Sai kuma labaran yaro Sauna da ke fafatawa da 'yan fashi da dillalan ƙwaya. Marubucinsu Dan Fulani ba Bafulatani ba ne. John Hare ne, tsohon Di'o a Arewa.

Da Hausa abin bai yi kauri ba. Ruwan Bagaja nema ne, amma na ruwan magani. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, 1969, ya ba yaro jagorancin labari, sai dai sama ya kai shi.

Ita taskar gaskiya kuwa tana binne a ƙasar Kudancin Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza a ƙauyen Nok, ƙasar Ham, suka ci karo da wani ɗan sassaƙen yumɓu da aka gasa. Shekaru bayan haka aka tono wani kai na yumɓu a ma'adinin kuza kusa da Jama'a. Wani ma'aikaci ya ɗauke shi ya kafa wa mutum-mutumi a gonar doyarsa don korar ɓarna, ya shekara a can. A 1943 ko 1944 ne kan ya isa hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a Jos, wanda ya lura da kamanninsa da na Nok, ya raɗa wa al'adar da ta samar da su sunan ƙauyen. Sassaƙen sun haura shekara 2000. A shekarun 1990 masu haƙar sata suka yi ta kwashe su ana sayarwa a Turai, kafin masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus su fara tono na ilimi a 2005.

Ga gona, ga ɓarayi, ga tashar jirgi, ga duwatsun Kagoro da ruwan Matsirga. Marubutan Kafanchan da Zonkwa da Kwoi su ɗauki alƙalami su ba yaranmu nasu Rikkun.