Muhallin Masu Barin Shaye-shaye a Yankin Rurum

Barin ƙwaya abu ne guda, samun wurin zama bayan magani kuma wani abu ne daban. Mun keɓe wannan shafi domin dagatai, masu unguwanni da iyaye na Rurum da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Rano da Kibiya.

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar tare da Gwamnatin Tarayya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan 14.3 ne suka sha miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu a Jihar Kano. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin. A karkara kuwa, tramol ya fi shiga ta hannun 'yan ƙwadago masu neman ƙarfin noma.

Wuraren neman magani sun haɗa da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Dawanau, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, sashen ba da shawara na hukumar NDLEA, da Cibiyar Gyaran Hali ta Kiru. Babu ɗayansu da yake mazauni na dindindin. Ranar sallama tana zuwa, nauyin masauki ya koma kan dangi.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Bisa al'ada, saurayi yana kwana a shago ko soron ƙofar gida tare da abokansa, inda babu idon babba da dare, kuma sau da yawa a ɗakin ne ya fara shan. Mayar da shi can tamkar rushe aikin likita ne. Muna ba da shawarar a ware masa ɗaki a cikin gida, kusa da turakar mahaifinsa ko ɗakin wansa. Idan dillalan suna unguwar, gara ya yi watannin farko wurin kawu ko baffa a wani gari, da sanin mai unguwar can, kuma da aikin yi, ko da noman rani ne a bakin ruwan Tiga. Mace ta fi shiga haɗari, domin ita kora ake yi mata ko saki. Wajibi ne waliyyinta ya karɓe ta.

Ɗaure mutum da mari ba magani ba ne. An rufe irin waɗannan gidaje a Kaduna, Katsina da Kano a 2019, sannan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a 2023 ta kare haƙƙin majinyata.

A Amurka, tun 1975 akwai gidajen Oxford House, inda masu murmurewa suke haɗa kuɗin haya, su zaɓi shugabanninsu, su fitar da duk wanda ya koma sha. Ƙungiyar gari za ta iya gwada haka da gidan haya ko na waƙafi. Wanda ba shi da dangi, dagaci ya kai batunsa sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, ko Hukumar Zakka da Hubusi.