Yadda Aka Gano Sirrin Saiwar Wake

In ka tuge wake ko gyaɗa da damina ka kakkaɓe ƙasar, za ka ga 'yan ƙululu manne da saiwa. Fasa ɗaya da farce: in cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Manoma sun daɗe da sanin wake na gyara gona, shi ya sa ake surka shi da gero da dawa. Gano dalilin ne ya ci wa masana ƙarnuka.

A 1679 Marcello Malpighi na Italiya ya zana ƙululun, ya ɗauka ɓarnar ƙwari ce. Sai a 1886 Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka shuka dangin wake a yashin da aka kashe duk wani mai rai a cikinsa. Shukar ta tsumbure. Wadda aka zuba wa ruwan ƙasar gona kuwa ta yi ƙululu, ta yi kore shar. Bayan shekara biyu Beijerinck na Holan ya ware bakteriyar da ke ciki, wadda ke mayar da naitirojin na iska taki.

Nan aka shiga ruɗani. Tsiro na da garkuwa, da ya ji ƙwayar cuta sai ya tayar mata. To me ya sa wake ke saukar da miliyoyin bakteriya a cikin jikinsa? Amsar ta zo a gutsure. A 1986 ɗakin binciken Sharon Long a Stanford ya nuna saiwa ce ke fara kira da wani sinadari. A 1990 masana a Tulus ta Faransa suka gano amsar da bakteriya ke mayarwa, sinadarin Nod. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne an gina Nod a kan kaitin, wato abin da ke bangon fumfuna, wanda tsiro ke ji ya ɗaura yaƙi. Baƙon ya yi sallama da muryar da ta kusa zama ta ɓarawo.

Tawagar Jens Stougaard a Jami'ar Aarhus ta Denmak ta gano masu karɓar wannan saƙo a saiwa a 2003, kuma a 2020 ta nuna 'yan wurare biyu ne kacal a jikin mai karɓar ke raba jin kaitin da jin Nod. A ganina wannan ne babban sakamakon: wake bai ajiye garkuwarsa ba, gyara ta ya yi.

Ko bayan shigar bakteriya, ido na kanta. A 2003 Toby Kiers da abokan aikinta suka hana ƙululun waken suya samun naitirojin, ta yadda bakteriyar ta kasa biyan komai. Tsiron ya rage musu iskar oksijin, bakteriyar da ke ciki ta kasa hayayyafa kamar sauran.