Asalin Dabarar Taƙaita Wayoyin Lantarki

In aka kai wa mai gyaran sola a Argungu batir, ba sai ya fasa shi ba. Mita yake ɗorawa a bakinsa biyu, a ce ya ga bolt 12.6. Sa'an nan ya jona masa kaya mai jan amfiya 10, ƙarfin ya sauka zuwa 12.1. Rabin bolt ɗin nan da ya ɓace, in aka raba shi gida 10, sai a sami om 0.05, wato turjiyar da ke ɓoye a cikin batirin. To, daga ina wannan dabara ta samo asali?

A ƙasar Faransa an yi wani injiniya, Léon Thévenin, haifaffen 1857, ma'aikacin hukumar gidan waya da tangarahu. Aikinsu shimfiɗa dogayen wayoyi ne, lissafin wutar da ke bin su kuwa yana cin rai, don ko na'ura ɗaya aka sauya sai a koma farko. A 1883 ya buga bayaninsa: duk yawan batura da wayoyin da suka sarƙe, muddin suna bin dokar Ohm, in ka tsaya a bakinsu biyu, daidai suke da tushen wuta ɗaya da turjiya ɗaya a jere. Manomin shinkafa a fadamar Rima ma haka yake: ba ruwansa da rafukan da suka cika gulbi, abin da ya dame shi ƙarfin ruwan da faɗin hanyar da ke kawo shi gona.

Ashe an riga shi. Tun 1853 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya rubuta haka, sa'ad da yake nazarin wutar da ke gudana a jikin dabbobi. Thévenin bai san da wannan ba. Duk da haka ina ganin sa wa dabarar sunansa da aka yi ya dace da shi, domin ta hannunsa abin ya isa ga ma'aikata.

A 1926, shekarar da Thévenin ya rasu, Edward Norton a Amurka da Hans Mayer a Jamus, kowa da nasa binciken, suka fito da ɗan'uwan wannan lissafi, inda turjiyar ke gefe da tushen. Dabarun biyu ne ɗaliban lantarki ke koya yau a Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, tare da kashedin cewa dabarar halin baki kawai take nunawa, ba ta faɗin yawan wutar da ke zama zafi a can ciki.