Daga Ina Sharri Ya Fito? Nazarin Hikayar Ginostikawa Kan Asalin Duniya

Gabatarwa

Duk wanda ya yarda cewa mahaliccin duniya ɗaya ne, mai cikakken iko kuma mai alheri, ko ba daɗe ko ba jima sai ya tsaya gaban tambayar asalin sharri. In shi mai alheri ne, ina annoba da zalunci da mutuwar jarirai suka samo tushe? A ƙarni na biyu miladiyya, a manyan biranen Daular Rum irin su Iskandariya da birnin Rum kansa, wasu ƙungiyoyi da suka tsiro a gefen Kiristanci da Yahudanci sun ba da amsa mai tsauri. Suka ce wanda ya ƙera wannan duniya daban, Ubangiji Maɗaukaki daban. Su ne ake kira Ginostikawa, wato masu da'awar wani sani na ɓoye da suka ce da shi kaɗai ruhi ke tsira.

Wannan maƙala tana da'awar abu biyu. Na farko, hikayar Ginostikawa ba ta warware matsalar sharri ba, ta dai matsar da ita zuwa sama. Na biyu, a cikin wannan gazawa ta yi wa sharri wata siffa da ta cancanci nazari: jahilci ne da ya sami mulki.

Inda labarin ya fito

Shekaru aru-aru, kusan duk abin da aka sani game da Ginostikawa daga bakin abokan gabarsu ya fito. Babba a cikinsu shi ne Ireniyus, bishop na birnin Liyon a Faransa ta yau, wanda ya rubuta littafi mai juzu'i biyar na raddi a kansu wajen shekarar 180. Lamarin ya sauya a ƙarshen 1945, lokacin da wasu manoma masu haƙar taki a gindin wani dutse kusa da garin Naja Hammadi a kudancin Masar suka tono tulu ɗauke da kundaye 13. A ciki akwai rubuce-rubuce 52 da harshen Ƙibɗanci, waɗanda aka kwafa a ƙarni na huɗu daga asalin Girkanci. Mafi muhimmanci ga wannan nazari shi ne Ɓoyayyen Littafin Yahaya, wanda kwafinsa uku ke cikin kundayen, na huɗu kuma yana cikin wani kundi da aka saya a Alƙahira a 1896, yanzu yana Balin.

Ya kamata a yi hattara da sunan. Manazarta irin su Michael Williams a 1996 da Karen King a 2003 sun nuna cewa an cusa ƙungiyoyi mabambanta cikin jaka ɗaya da sunan Ginostikanci. Saboda haka a nan za a tsaya kan reshe biyu da aka fi sanin matsayinsu: na Ɓoyayyen Littafin Yahaya, da na almajiran Balantinus.

Yadda aka ƙera duniya a Ɓoyayyen Littafin Yahaya

Hikayar ta fara da Ruhi Gaibi, wanda marubucin bai siffanta shi ba sai da kore masa siffofi: ba shi da iyaka, ba shi da suna, ba ya cikin zamani. Daga tunaninsa a kan kansa ne Barbelo ta bayyana, daga nan kuma sauran halittun haske suka yi ta fitowa, kowanne da abokin zamansa, kowanne da yardar Ruhin. Wannan fada ita ake kira Filiroma, wato Cika.

Ta ƙarshe a jerin ita ce Sofiya, wato Hikima. Sai ta yi sha'awar fitar da wani abu daga kanta ba da izinin Ruhi ba, ba kuma da yardar abokin zamanta ba. Abin da ta haifa ya zo da jikin maciji da fuskar zaki, idanunsa na walƙiya. Da ta gan shi sai kunya ta kama ta, ta jefar da shi wajen fadar, ta lulluɓe shi da gajimare, ta kafa masa kursiyi a ciki don kada kowa ya gan shi. Ta sa masa suna Yaldabawot. Littafin ya ba shi wasu sunaye biyu, Saklas da Sama'el, waɗanda ake fassarawa da wawa da kuma makahon ubangiji.

Wannan gajimare shi ne bakin zaren hikayar. An yi shi don a ɓoye ɗan daga idon na sama, amma shi ne kuma ya ɓoye na sama daga idon ɗan. Yaldabawot ya tashi da ƙarfin da ya kwaso daga uwarsa, bai san inda ƙarfin ya fito ba. Ya samar da hakimai, ya raba musu sammai da ramin ƙarƙashi, ya duba bai ga kowa a samansa ba, sai ya yi shelar cewa shi ne ubangiji mai kishi, babu wani bayansa. Marubucin ya ɗauko wannan furuci daga littattafan Fitowa da Ishaya na Tsohon Alkawari, ya juya shi. Hujjarsa ita ce, kishi ba ya yiwuwa sai da abokin kishi, don haka mai shelar ya tona asirin kansa da bakinsa.

Sai wata murya ta zo daga sama ta ƙaryata shi, surar Mutum na haske kuma ta bayyana a kan ruwa. Hakiman suka ce bari su yi irinta. A doguwar ruwayar littafin, mala'iku 365 ne suka haɗa gaɓoɓin Adamu, an jero sunan mai kula da kowace gaɓa, daga ƙwaƙwalwa har zuwa farce. Da suka gama, halittar ta kwanta ba motsi. Nan ne na sama suka yi wa Yaldabawot dabara, suka ce ya hura mata numfashinsa. Ya hura, ƙarfin uwarsa ya fice daga gare shi ya shiga Adamu. Nan take Adamu ya fi masu ƙera shi basira. Hassada ta kama su, suka jefa shi can ƙasan halitta, suka ɗaure shi cikin jikin ƙasa da ruwa da wuta da iska, suka shayar da zuriyarsa mantuwa, suka ɗora musu ƙaddarar taurari. A wannan karatu, cin 'ya'yan itacen sani farkawa ce, ambaliyar zamanin Nuhu kuwa yunƙurin hakimi ne na kashe hasken da ya kuɓuce masa.

Gyaran da almajiran Balantinus suka yi

Balantinus ya yi karatu a Iskandariya, ya iso Rum wajen shekarar 140, kuma almajiransa sun ɗauki kansu Kiristoci ne cikin coci. Ruwayarsu, kamar yadda Ireniyus ya kawo ta, ta fi laushi. Halittun haske 30 ne, Sofiya ce autarsu, laifinta kuma shi ne ɗokin sanin Uba, wanda ya fi ƙarfin saninta. Da ba don wani mai tsaron iyaka ya tare ta ba, da ta narke. Aka yanke wannan ɗoki nata aka fitar da shi waje, ya zama wata Sofiya ta ƙasa mai suna Akamot. Daga baƙin cikin Akamot da tsoronta da ruɗewarta aka sami kayan ginin duniya, daga hawayenta aka sami ruwa, daga juyowarta zuwa ga haske kuma aka sami Maƙerin duniya.

Ke nan a wajensu dutse da ƙasa da nama damuwa ce da ta daskare. Maƙerin kuwa ba azzalumi ba ne. A wasiƙar da Batalimus, almajirin Balantinus, ya rubuta wa wata mata mai suna Filora, ya ajiye shi a tsakiya: bai kai Uba alheri ba, ba kuma Shaiɗan ba ne, mai adalci ne iyakar saninsa.

An gudu ba a tsira ba

Manufar wannan dogon jeri a fili take: a wanke Ubangiji Maɗaukaki daga alhakin duniya ta hanyar nesanta shi da ita. Tsakaninsa da annoba akwai halittun haske, akwai Sofiya, akwai ɗanta, akwai hakimai. Amma nisa ba ya ɗauke alhaki. In Cika cikakkiya ce, ta yaya ɗaya daga cikin mazaunanta ta yi kuskure? In Sofiya ta fito daga Ruhi da yardarsa, to yiwuwar karkacewarta ma daga can ta fito. In ya san abin da za ta yi ya ƙyale, tambayar da aka gudar wa ta dawo daram. In bai sani ba, shi ma jahilcin ya shafe shi.

Masu raddi na zamanin sun ga wannan ɓaraka. Ireniyus ya yi musu ba'a, har ya ce shi ma zai iya ƙirƙiro nasa jerin ya sa musu sunayen duma da kankana, amma hujjarsa ta gaske ita ce cewa aibin da ya auku cikin Cika tamkar tabo ne a jikin riga, mai rigar ba zai ce ba ruwansa ba. A ƙarni na uku, Filotinus, babban mai bin tafarkin Aflatun a Rum, ya rubuta musu raddi domin wasu abokansa sun karkata gare su. Aflatun ma ya yi maganar Maƙerin duniya a littafinsa Timayus, sai dai nasa mai alheri ne, wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Filotinus ya ce Ginostikawa sun ari kayan Aflatun sun ɓata, kuma in duhun da ruhi ya faɗa ciki ya riga shi samuwa, sai su faɗi inda ya fito. In kuwa faɗuwar ce ta haifar da shi, laifin ya koma kan tushen farko.

Hanyoyi biyu aka bi don kauce wa wannan tarko. Mani, wanda aka haifa a Iraƙi ta yau a 216, ya yanke igiyar gaba ɗaya: Haske da Duhu tushe biyu ne tun fil azal, babu wanda ya haifi wani. Wannan ya wanke Haske, amma ya rage masa iko. Malaman Musulunci sun san wannan mazhaba sarai, domin Ibnun Nadim a Alfihrist da Shaharastani a Almilal wan Nihal sun yi bayaninta, malaman tauhidi kuma sun yi mata raddi a ƙarƙashin sunan masu tushe biyu. Agustin na Hippo, wanda ya yi shekara tara yana bin Mani kafin ya bar shi, ya ɗauki ɗaya hanyar: sharri ba halitta ba ne mai zaman kanta, tawayar alheri ce, kuma ƙofarsa ita ce zaɓin bawa. Ginostikawa sun tsaya tsakanin biyun. Suna son tushe ɗaya, suna kuma son a ce duniya kurkuku ce, biyun kuwa ba sa haɗuwa sai an sa tsaga a jikin tushen.

Abin da hikayar ta gani

Duk da haka, kuskure ne a auna hikayar da ma'aunin ilimin tauhidi kawai. Yaldabawot bai ƙudurta yin sharri ba tun farko. Yana da ƙarfi na gaske, amma na aro ne, bai kuma san na aro ba ne. Duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso: girman kai, sai hassada ga wanda ya fi shi basira, sai ɗauri, sai shayar da mantuwa. Ba ya iya ƙirƙira sai kwaikwayo, shi ya sa ya kwafi surar da ya gani a ruwa, daga baya ma ya yi wani jabun ruhi don ya ruɗi mutane. Wani rubutun na Naja Hammadi, Bisharar Gaskiya, ya kai wannan tunani ƙarshe: rashin sanin Uba ya haifi tsoro, tsoron ya yi kauri, ɓata ta sami wurin gini. Shi ya sa ceto a wajensu sani ne, domin abin da jahilci ya gina, sani ke rushe shi.

Ba a rasa masu danganta wannan da zamanin da aka rubuta shi ba. An rushe Haikalin Ƙudus a shekarar 70, tawayen Yahudawa na 115 zuwa 117 ya ɗaiɗaita al'ummarsu ta Masar, na Bar Kokba kuma ya ƙare da shan kaye a 135. Robert Grant ya ga Ginostikanci a matsayin ɗan wannan yanke ƙauna. Hans Jonas ya karanta shi a matsayin kukan mutumin da ya ji shi baƙo ne a duniya. Elaine Pagels a 1979 ta ga ƙin miƙa wuya ga ikon bishop-bishop. Rubuce-rubucen da kansu ba su ambaci waɗannan al'amura ƙarara ba, don haka duk karatu ne na manazarta. Abin da ba ya buƙatar hasashe shi ne lafazin da marubutan suka zaɓa: sun kira masu tsare ruhi da sunan da ake kiran masu mulki a Girkanci, mutanen da ke ƙarƙashin gwamnonin Rum kuwa ba sa buƙatar a yi musu fashin baƙi.

Wannan fahimta tana da tsadarta. Wanda ya ɗauki duniya aikin wawa, da wuya ya ga dalilin gyara ta. Filotinus ya lura cewa suna cewa a dubi Ubangiji, amma ba su rubuta komai kan yadda ake gyaran hali ba. Haka kuma raba mutane gida uku da aka jingina wa almajiran Balantinus, na ruhi da na rai da na jiki, yana buɗe ƙofar irin girman kan da suka zargi Yaldabawot da shi.

Kammalawa

A matsayin amsa ga tambayar asalin sharri, hikayar Ginostikawa ta gaza, kuma abokan gabarta sun nuna inda ta gaza tun tana da rai. A matsayin bayanin yadda sharri ke aiki kuwa, ta riƙe wani abu da hujjar tawayar alheri ba ta cika bayyanawa ba: sharri yana da tsari, yana da ma'aikata da dokoki, kuma shugabansa yana iya gaskata cewa shi ne mai gaskiya. Duk mai nazarin tarihin wannan mas'ala, a Kiristanci ko a Musulunci, yana buƙatar sanin ta, domin da yawa daga cikin amsoshin da suka yi rinjaye an gina su ne a matsayin martani gare ta da ire-irenta.