Tiyatar gyaran kunnuwan da suka ware daga kai

Akwai yaran da ake haifa da kunnuwan da suka ware daga jikin kai, abin da likitoci a Benin da Nijar ke kira "oreilles décollées" da Faransanci. Galibi gado ne: ko dai lanƙwasar guringuntsin kunne ba ta fito sosai ba, ko kuma kwarmin kunnen ya cika zurfi. Ana cewa kunne ya ware idan tazarar bakinsa da kai ta wuce santimita 2. Wannan ba cuta ba ce, kuma ba ta rage ji. Yawancin iyayen da ke neman gyara tsokanar da ake wa yaro a makaranta ce ke kai su asibiti.

Sunan aikin "otoplastie". Likita Edward Ely ya yi shi a birnin New York a 1881, sannan a 1963 Jack Mustardé ya fito da dabarar lanƙwasa guringuntsi da ɗinki, wadda ake bi har yau. Ana tsaga bayan kunne, a gyara guringuntsin, a ɗinke. Aikin kan ɗauki awa 1 zuwa 2. Akan jira yaro ya kai shekara 5 ko 6, lokacin da kunne ya kusa gama girma. Bayan aikin, yaro zai riƙa kwana da ɗaurin kai na 'yan makonni. Jariri kuwa, a makonninsa na farko, ana iya daidaita masa kunne da ɗan maƙali ba tare da yanka ba, saboda guringuntsinsa na da taushi.

Babban abin lura ga baƙar fata shi ne tabo mai kumbura, wato "chéloïde", wanda ya fi yawa a cikinsu kuma yakan fito a kunne. Duk wanda hujin kunne ko wani rauni ya taɓa bar masa irin wannan tabo, ko akwai mai shi a danginsu, ya sanar da likita tun kafin a yanke shawara.

Aikin na ƙwararren likitan kunne, hanci da maƙogwaro ne (ORL), ko likitan tiyatar gyaran jiki. Daga Malanville, akan fara da asibitin yankin, wanda zai iya tura mutum asibitin koyarwa na Parakou ko CNHU a Kwatano.